Rubutu da hannu da koyon harshe: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Masu koyon Larabci da Turanci da Faransanci, har da 'yan Kantin Kwari da suka shiga koyon Sinanci, tambayoyinku kusan iri ɗaya ne. Ga amsoshin. Don Allah a karanta kafin a sake tare ni da su.

Malam, da gaske rubutu da hannu ya fi latsa waya wajen riƙe karatu?

Wajen koyon sababbin haruffa, ƙwarai kuwa. A 2021 Robert Wiley da Brenda Rapp sun fitar da binciken da suka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda aka koya wa manya 42 baƙaƙen Larabci. Wasu suka riƙa rubutawa da hannu, wasu suna latsawa a kwamfuta, wasu kallo kawai. Masu rubutun ne suka fi sauran iya karanta kalmomi da rubuta su. Latsa harafin ba da latsa harafin jim motsin yatsa ɗaya ne, amma wajen zana su kowanne da tafiyarsa, hannu ba zai zana ba sai ido ya lura da siffar.

To in cika littafi da kalma ɗaya sau hamsin?

A'a. Ɓarnar biro ce. Daga layi na uku hannu ne kaɗai ke aiki, hankali ya tafi wani wuri. Rufe littafin, rubuta da ka, sannan ka buɗe ka duba.

Amma in na rufe sai in manta, in ji kamar ban iya komai ba.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kowa haka yake ji. Wannan lalube da kake yi a ƙwaƙwalwa shi ne karatun. Tun 1994 Robert Bjork ya yi bayanin cewa akwai wahalar da ke rage saurin koyo a yau amma ta sa abin ya daɗe. A 2006 Roediger da Karpicke suka gwada ɗalibai: waɗanda suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe suka tuno da ka ne suka wuce su.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne mu 'yan birnin Kano sai an kawo mana sunan Bature muke yarda. Wanenmu bai ga allo ba? A rubuta, a biya, a haddace, a wanke, kuma da an wanke babu inda za a leƙa sai ƙirji. Da haka alaramma ke kaiwa ga rubuta Alƙur'ani da ka. Sai dai a kiyaye, hadda daban, jin harshe daban. Kalmar da ka rubuta ba ka san ma'anarta ba, ba za ta yi maka magana ba.

An ce rubutu mai wuyar karantawa ya fi zama a ƙwaƙwalwa?

Rabu da wannan. A 2018 Jami'ar RMIT ta Ostireliya ta fitar da wani salon haruffa mai giɓi-giɓi, Sans Forgetica, don wannan manufa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfaninsa ba. Wahalar tunowa ake so, ba wahalar ido ba.

Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kwari, rabin awa kawai nake samu bayan Isha'i, kuma magana nake son yi da masu kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Rubutu zan yi ko sauraro?

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da abin da za ka yi da harshen. Idan ciniki ne da baki, ba zan ce ka zauna zana haruffan Sinanci ba. Dubbai ne, kuma su kansu mutanen Sin da yawa sun fara manta yadda ake zana wasu saboda rubutun waya. A nan wahalar za ta cinye maka lokaci ba ta kai ka inda kake so ba. Mafi yawan rabin awar ka ba kunne da baki.

Amma kar ka ajiye biro. Ware kamar minti goma na ƙarshe ka rubuta abin da ka ji da ka, da pinyin, wato Sinanci da haruffan boko: lambobi, launuka, farashi, tsawon yadi, ranar loda kaya. Kuma ka sa alamar karin sauti a kan kowace gaɓa, domin Sinancin Mandarin na da kari huɗu masu canza ma'ana. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan, tunda Hausa ma da kari take tafiya, sai dai mun saba ba ma sa shi a rubutu, kuma wannan al'adar ce za ta cuce ka.

Idan kuwa kana son karanta rasit ko rubutun jikin kwali, to zaɓi haruffa kaɗan da kake cin karo da su kullum ka koyi zana su. In ka ga mako ya wuce kana kuskure a fiye da rabin abin da ka rubuta, ka ɗauki kaya da yawa, rage. In kuma ba ka kuskure ko ɗaya, ƙara. Wani zai fi son ya haɗa rubutun wuri guda ranar da kasuwa ta yi sauƙi. Ba na hanawa, amma kaɗan-kaɗan kullum ya fi.

Yaushe zan koma kan abin da na rubuta?

Gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci. Wanda ba ya tishi kar ya zo yana ce mini ƙwaƙwalwarsa ta tsufa.

Rubutuna ba shi da kyau fa.

Kana iya karanta abinka? To ya isa. Sayi ɗan ƙaramin littafi da zai shiga aljihun riga, ka fara yau da kalma biyar.