Mene ne "Gotik na mata"?

Gotik wani nau'in labarin firgici ne da ya samo asali a Ingila a 1764, lokacin da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto. Kayan aikinsa tsohuwar fada ce mai ƙofofin sirri, da duhu, da fatalwa, da budurwa a tsorace. A littafin, Isabella na gudu ta hanyar ƙarƙashin ƙasa saboda Manfred, uban angonta da ya mutu ran biki, ya dage sai ya aure ta.

Daga nan aka yi wa mata zubi biyu. Akwai marainiya mai kunya, wadda abu kaɗan ke sa ta suma, akwai kuma macen da ake tsoro, wadda labarin ba ya hutawa sai ya halaka ta. Lucy ta littafin Dracula na 1897 ta shiga zubi na biyu bayan ta zama mai shan jini, kuma saurayin da zai aure ta ne ya kafa mata turke a ƙirji.

"Gotik na mata" suna ne da wata manazarciya Ba'amurkiya, Ellen Moers, ta fito da shi a shekarun 1970, tana nufin labaran da mata suka rubuta da kansu a wannan salo. Uwarsu ita ce Ann Radcliffe. A The Mysteries of Udolpho na 1794, Montoni ya kulle matarsa a hasumiya don ta sa hannu ta bar masa gidaje da gonakinta. Ta ƙi, ta mutu a kan ƙin. Sai ya juyo kan Emily, 'yar ɗan'uwanta da ta gaje ta. Abin da ya fi kama ni shi ne Radcliffe kan warware kowace fatalwa a ƙarshe: abin ban tsoron da Emily ta gani a bayan baƙin mayafi ashe mutum-mutumin kakin zuma ne. Montoni kuwa na gaske ne, makullan kuma suna hannunsa. Matan Ingila da suka karanta littafin sun san wannan tsoro, domin a dokarsu ta lokacin dukiyar mace kan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka fara gyara hakan.

Wadda nake jin zafinta har yau ita ce Bertha Mason ta littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847. Rochester ya aure ta a Jamaika tare da dukiyarta ta fam 30,000, ya kawo ta Ingila, ya ce ta haukace, ya rufe ta a ɗakin saman bene kusan shekara 10. Yawanci dariyarta muke ji ta bayan bango. Ba a ba ta bakin faɗin nata ɓangaren ba har daren da ta cinna wa gidan wuta.