Suga ya sauka, amma kada ka ajiye maganinka

A ɗakin duba masu ciwon suga akwai maganar da nake jin tsoronta fiye da kowace: "Malama, ai na warke. Na gwada, suga ya dawo daidai, shi ya sa na ajiye ƙwayar." Mai faɗin haka yakan zo da fara'a, har da godiya ga Allah. Bayan wasu watanni sai 'yan uwansa su kawo shi da gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafa, ko ido ya fara hazo, ko ɓarin jiki ya shanye.

Sugan ya sauka ne domin maganin yana aikinsa. Bangon da aka tokare da gwafa ba ya faɗuwa, amma ba gyaruwa ya yi ba, kuma ran da aka zare gwafar za a ga haka. Ciwon suga, ko nau'i na ɗaya da yakan kama yara da matasa, ko nau'i na biyu da ya fi yawa a manya, ciwo ne da ake zama da shi ana riƙe masa linzami. Gaskiya ne wasu masu nau'i na biyu, musamman waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba, idan suka rage ƙiba sosai sukan kai matsayin da likita zai rage musu magani ko ma ya dakatar da shi. Amma likita ne ke yanke wannan hukunci bayan gwaje-gwaje, kuma ko a lokacin ana ci gaba da sa ido, domin ciwon yana iya dawowa.

Abin da ya sa mutane ke ruɗuwa shi ne suga ba ya ihu. Mutum zai iya yawo da 200 ko 250 a jininsa yana zuwa kasuwa, yana zuwa gona, bai ji komai ba, alhali a ɓoye sugan yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na tafin ƙafa. Don haka "ina jin daɗin jikina" ba gwaji ba ne. Ga yawancin manya, abin da ake so a gani da safe kafin a ci komai shi ne tsakanin 80 da 130 a na'urar da ke ƙirga mg/dL, wato kusan 4.4 zuwa 7.2 a wadda ke ƙirga mmol/L. Ka san wace iri ce taka. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga mafi yawan mutane ana neman ya kasance ƙasa da kashi 7.

Maganin da aka fi fara bai wa mai nau'i na biyu shi ne metformin, wanda wasu suka fi sani da Glucophage. Ina so masu ƙyamar "maganin Bature" su ji wannan: asalin metformin daga tsiro yake. Wata ciyawa ce da Turawan zamanin da suke sha don yawan fitsari, masana suka gano sinadarin da ke cikinta, suka ga yana da dafi, suka yi ta gyara har aka samu wanda jiki ke ɗauka. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya fara bai wa masu suga shi a 1957. Bambancinsa da jiƙon da ake sayarwa a gora shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an san abin da yake yi, an san wanda bai kamata ya sha ba. Aikinsa shi ne hana hanta zuba suga da yawa a jini, da taimaka wa jiki ya amsa kiran insulin, sinadarin da jiki ke yi don sauke suga a jini. Shi kaɗai da wuya ya sa suga ya faɗi ƙasa fiye da kima.

Laifinsa ɗaya da ke korar mutane: a makonnin farko yakan ɓata ciki, tashin zuciya, kumburi, wani lokaci gudawa. Da yawa a nan suke jefar da shi. A sha shi tare da abinci ko da gama ci, a fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali yadda likita ya tsara, galibi cikin yakan saba. Idan bai saba ba, akwai nau'in da ke narkewa a hankali. Wanda ya shekara da shekaru yana sha, ya tambaya a duba masa bitamin B12, domin metformin yakan rage shi, kuma ƙarancinsa na kawo jin jijjiga da mutuwar ƙafa da za a ɗauka sugan ne ya jawo. Mai ciwon ƙoda kuwa dole a auna ƙodar kafin a ba shi. Haka idan amai da gudawa suka kama ka har ba ka iya riƙe ruwa, ka nemi ma'aikacin lafiya a ranar, domin a irin wannan hali akan dakatar da metformin na ɗan lokaci.

Rukuni na biyu su ne glibenclamide, wanda ake kira Daonil, da gliclazide da glimepiride. Waɗannan matsa wa jiki suke ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. A nan haɗarin yake. Dattijo ya haɗiyi ƙwayarsa da asuba, ya tafi gona ko ya hau motar tafiya bai karya ba, kafin hantsi sai gumi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, magana ta fara sarƙewa. Wasu sukan rikice su yi ta faɗa ko surutai, har iyali su ce iska ce ta taɓa su, a tsaya hayaƙi da tofi alhali sugansu ne ya faɗi. Addu'a ba ta hana a ba shi suga. Duk lokacin da na'ura mai ƙirga mg/dL ta nuna ƙasa da 70, ko alamun nan suka bayyana babu na'ura a kusa, a ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai tashi ba a ƙara, in ya tashi ya ci abinci. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a faɗa musu sunan maganin da yake sha. Glibenclamide yakan daɗe a jiki, sugan na iya sake faɗuwa bayan an farfaɗo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son a bai wa wanda ya haura shekara 60, ta fi son gliclazide.

Akwai sababbin magunguna, irin su empagliflozin da dapagliflozin masu fitar da suga ta fitsari suna kuma kare ƙoda da zuciya, da sitagliptin, da allurar semaglutide da ake yi mako-mako. Suna da amfani, suna da tsada, kuma ba na saye a kemis ba ne don an ji maƙwabci yana sha.

Sai insulin, wanda ake yi wa mummunar fahimta. Sau da yawa idan aka ce wa mutum lokacin allura ya yi, sai ya ce, "Wane ma da aka fara masa allura bai yi wata uku ba ya rasu." Abin da yakan faru shi ne wanen ya shekara biyar yana gudun allurar, bai yarda ba sai da ƙoda ta riga ta lalace. Jinkirin ne ya cuce shi. Insulin abu ne da jikin kowa ke yi da kansa, na mai suga ne ya gaza ko ya ƙare. Kafin a gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya tashi daga bakin mutuwa. Har yau ga mai nau'i na ɗaya babu ganye, babu jiƙo, babu ƙwayar da ke maye gurbin insulin. Iyaye, don Allah, ko yaro ba shi da lafiya ba ya cin abinci, kada a dakatar masa da allura, a kai shi asibiti a daidaita adadin. Kwana ɗaya ko biyu babu insulin na iya jefa shi cikin amai, numfashi sama-sama da suma.

Matsalarmu da insulin zafi ne da rashin wuta. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firiji, amma ba ɓangaren ƙanƙara ba, domin in ta daskare ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi da inuwa. Wanda ba shi da firiji, ya sa kwalbar a leda ko ƙaramar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, ya ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata babbar tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan lambu. Kada a bar ta a aljihun mota ko kusa da murhu. A kuma duba lambar da ke jikin kwalba da ta sirinji su zo ɗaya, U-100 da U-100, domin saɓaninsu na sa a yi ƙasa ko sama da adadin da aka rubuta. A riƙa sauya wurin allura, kada a nace wa waje ɗaya har ya yi tauri.

Yanzu ga zancen da ya fi ɗaukar mana lokaci, wato zogale, kirfa, hulba, habbatus sauda, garafuni, shuwaka, jiƙon kuɓewa, da kwalaben ƙarin sinadarai da ake tallatawa a rediyo da WhatsApp da Facebook. Ba na raina su. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, miyar kuɓewa da ta shuwaka sun fi wa mai suga alheri nesa ba kusa ba a kan lemon kwalba da burodi. An yi ƙananan bincike a kan kirfa da hulba da habbatus sauda, wasu sun nuna ɗan sauƙi a suga, wasu ba su nuna komai ba, kuma babu ɗaya da ya kai a ce ya isa ya tsaya a madadin magani. Ci su a matsayin abinci. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a ajiye metformin ko insulin saboda su. Zuma ma, duk albarkar da ke cikinta, zaƙi ce, tana ɗaga suga. Kirfar da aka fi samu a kasuwa kuma, in aka yawaita ta kullum cokali-cokali, tana iya taɓa hanta.

Wanda ya ce maka maganinsa na raba mutum da suga har abada cikin kwana arba'in, kuɗinka yake so. Akwai kuma abin da ya fi haka muni. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha kama kayan da aka rubuta wa "na gargajiya zalla" alhali an niƙa glibenclamide ko metformin an zuba a ciki ba tare da awo ba. Mai sha ya ga suga ya sauka ya ce ganye ya yi aiki, in kuma yana haɗawa da ƙwayar asibiti ya zama ya sha ninki biyu bai sani ba. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 da ba su ma da ciwon suga, bayan sun sha magungunan ƙarfin maza da aka gurɓata da glibenclamide, huɗu daga cikinsu suka mutu. A Najeriya, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce. Karanta kwalin da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan za ka zo asibiti, zuba duk abin da kake sha a leda ka zo da shi, na kemis da na gargajiya da wanda ɗanka ya aiko daga Saudiyya. Ba za mu yi maka faɗa ba, so muke mu san abin da ke haɗuwa a jikinka. 'Yan uwana mata, wannan ya haɗa da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da haɗe-haɗen ciwon gaɓoɓi da ake ƙullawa a leda, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuwa ɗaga suga suke sosai. Mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa da wuri, akan sauya mata tsarin magani.

Na san kuma ba kowa ke ajiye magani don ganin dama ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, magidanci yana zaɓe tsakanin kwanon masara da katin ƙwaya. Wasu sukan raba ƙwaya biyu, wasu su sha yau su tsallake gobe, kuma kunya ta hana su faɗa. Idan ba ka faɗa ba, likita zai ga suga a sama ya ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara maka wani mai tsada. Ka ce masa, "Likita, ƙarfina bai kai wannan ba." Metformin na kamfanoni da yawa ne, mai rahusa da ke da rajista aikinsu ɗaya da mai tsada. Ka saya a kantin magani mai lasisi, ka duba ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar don a tabbatar maka ba jabu ba ne. Ka kuma tambaya ko za ka iya shiga tsarin inshorar lafiya na jiharku.

Game da azumi, ka zo wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a duba ko jikinka zai ɗauka, a sauya maka lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Kada ka tsara wa kanka, musamman in kana kan insulin ko glibenclamide. Malamai da likitocin da suka zauna kan wannan batu sun bayyana cewa tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi, don haka ka riƙa gwadawa da rana. In ka ga ƙasa da 70, ko sama da 300, ko ka ji jiri da karkarwa, ka sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba, ka rama daga baya. Wanda likita ya ce masa azumi haɗari ne gare shi baki ɗaya, ya je wa malaminsa da wannan bayani su yi maganar ciyarwa.