Rikicin Naɗin Bishop a Turai (1075–1122)

Rikicin naɗin bishop jayayya ce da aka yi tsakanin fafaromomin birnin Rum da sarakunan Turai, musamman sarakunan Jamus, a kan wanda ke da ikon naɗa shugabannin coci. Yawancin masana tarihi suna ɗaukar 1075 ko 1076 a matsayin farkonsa, kuma an rufe babinsa da yarjejeniyar Worms a 1122. Abin da aka fi tunawa da shi a cikinsa shi ne tsayuwar Sarki Henri na Huɗu na Jamus a ƙofar fadar Kanosa da ke Italiya a 1077 yana neman gafarar Fafaroma Giregori na Bakwai.

Asalin rikicin

A daular Jamus ta ƙarni na 10 da na 11, aikin bishop ya wuce jagorancin ibada. Yana riƙe da gonaki da garuruwa, yana karɓar kuɗin kasuwa, wani ma yana buga kuɗi, kuma idan sarki ya yi shelar yaƙi shi ne mai turo mahaya. Tun zamanin Otto na Ɗaya, wanda aka ɗora wa kambin daula a 962, sarakuna suka ga ya fi musu sauƙi su danƙa ƙasa a hannun bishop a kan su ba wani basarake. Basarake yana da 'ya'yan da za su ce gado ne. Bishop kuwa ba shi da magaji na halal, idan ya mutu sai sarki ya sake zaɓar wanda ya yarda da shi.

Sarki da kansa yake miƙa wa sabon bishop zobe da sanda mai lanƙwasasshen kai irin ta makiyayi, shi kuma ya yi mubaya'a. Kamar yadda rawani ke tabbatar da hakimi, haka waɗannan abubuwa biyu suke tabbatar da bishop. Matsalar ita ce alamomin addini ne: sandar tana nufin kiwon rayukan jama'a, zoben kuma ɗaurin alkawari da coci. Masu neman gyara suka ce hannun da ke riƙe takobi bai cancanci ya ba da su ba.

Ƙorafinsu bai tsaya nan ba. Ana sayen muƙaman coci da kuɗi, limamai da yawa kuma suna da mata da 'ya'ya, suna gadar musu da kadarorin coci. Gidan zuhudu na Cluny da aka kafa a Faransa a 910 yana cikin wuraren da kiran gyara ya yi ƙarfi. Da farko sarakunan ma suna cikin masu gyaran. A 1046 Sarki Henri na Uku na Jamus ya zo Italiya ya tarar mutum uku kowanne yana da'awar shi ne fafaroma, aka kawar da su duka, ya ɗora wani bishop Bajamushe. Bayan rasuwarsa a 1056 ya bar ɗa mai kimanin shekara shida, wato Henri na Huɗu, kuma a wannan giɓin ne, a 1059, Fafaroma Nikolas na Biyu ya kafa dokar cewa kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Rum, ne za su riƙa zaɓen fafaroma.

Giregori da Henri

Hildebrand, wanda ya daɗe yana juya al'amuran fadar Rum daga bayan fage, ya hau kujerar fafaroma a 1073 da sunan Giregori na Bakwai. A cikin kundin wasiƙunsa na 1075 akwai wata takarda mai jimla 27 da ake kira Dictatus Papae. A ciki an ce fafaroma kaɗai ke iya tuɓe bishop, yana iya tuɓe sarkin daula, yana iya warware rantsuwar da talakawa suka yi wa azzalumin shugaba, kuma babu wanda ya isa ya yi masa shari'a. Masana sun yi saɓani a kan lokacin da aka fara hana sarakuna naɗin bishop a fili. Wasu na cewa 1075, amma dokar da ba a shakka a kanta ta 1078 ce.

Wutar ta kama ne a Milan. Henri na Huɗu, da ƙarfinsa bayan ya murƙushe tawayen mutanen Saxony a 1075, ya naɗa nasa babban bishop a birnin alhali Rum tana goyon bayan wani. Giregori ya aika masa da gargaɗi mai zafi. A Janairun 1076 Henri ya tara bishop-bishop na Jamus a Worms, suka janye biyayyarsu, aka rubuta wasiƙa ana kiran fafaroma da sunansa na yanka, ana ce masa ɗan zuhudun ƙarya, ana umartarsa ya sauka. A watan Fabrairu Giregori ya mayar da martani: ya fitar da Henri daga jama'ar coci, ya dakatar da shi daga mulki, ya kuma warware mubaya'ar duk wanda ya rantse masa.

Ba a taɓa yi wa sarkin Jamus haka ba, kuma abin ya yi tasiri fiye da yadda Henri ya zata. Manyan sarakunan ƙasar, waɗanda dama suna da jiƙaƙƙiya da shi, suka taru a Tribur a watan Oktoba. Suka yanke cewa idan hukuncin ya cika shekara ba a ɗage ba, to ya rasa sarauta, suka kuma gayyaci fafaroma ya zo Augsburg a Fabrairun 1077 ya yi hukunci.

Kanosa

Henri ya ga idan fafaroma ya haɗu da abokan gabansa a Jamus, tasa ta ƙare, sai ya yanke shawarar tararsa a hanya. Ya ƙetare tsaunukan Alps ta mashigar Mont Cenis a tsakiyar hunturu, tare da matarsa Berta da ɗansu ƙarami Konrad. Wani marubucin zamanin, Lampert na Hersfeld, ya ce maza rarrafe suka riƙa yi a kan ƙanƙara, sarauniya da matan da ke tare da ita kuma aka zaunar da su a kan fatun shanu aka ja su zuwa gangare. Lampert ba masoyin Henri ba ne, don haka ana karanta bayaninsa da hattara.

Da Giregori ya ji sarki yana tafe, sai ya fake a Kanosa, fadar Matilda mai mulkin Tuscany, a kan wani tudu kusa da Reggio. Daga 25 ga Janairu Henri ya yi kwana uku yana zuwa ƙofa ba takalmi, ba kayan sarauta, sanye da rigar ulu irin ta masu tuba. Giregori da kansa ya rubuta wa sarakunan Jamus cewa waɗanda ke wurin sun yi ta roƙonsa, har wasu suka fara zarginsa da taurin zuciya. Cikin masu roƙon akwai Matilda da Hugo, shugaban Cluny, wanda shi ne ya tsaya wa Henri a baftisma. Ranar 28 aka buɗe masa ƙofa, aka mayar da shi cikin coci. A matsayinsa na limami, Giregori ba shi da hujjar korar mai tuba, kuma Henri ya san da haka.

Yaƙi

Gafarar ba ta kwantar da Jamus ba. A watan Maris sarakunan adawa suka zaɓi Rudolf na Swabia ya zama sarki. Giregori ya yi shekara uku bai ɗauki ɓangare ba, sannan a 1080 ya sake korar Henri. A wannan karon hukuncin bai razana mutane ba. Bishop-bishop na sarki suka zaɓi Wibert na Ravenna ya zama kishiyar fafaroma, kuma a watan Oktoba Rudolf ya mutu bayan an sare masa hannun dama a fagen fama. Magoya bayan Henri suka ce hannun da ya rantse masa da shi ne.

Henri ya shiga Rum a 1084, Wibert ya ɗora masa kambin daula. Giregori ya kulle kansa a ganuwar Sant'Angelo har Robert Guiscard, mai mulkin kudancin Italiya, ya zo da dakarunsa na Norman ya fitar da shi, amma ɓarnar da suka yi a birnin ta sa ba zai iya zama ba. Ya rasu a Salerno ranar 25 ga Mayun 1085. Henri ma bai ƙare lafiya ba: ɗansa Henri na Biyar ya tilasta masa sauka a 1105, ya rasu a Liège a 1106.

Sulhu

A 1111 Fafaroma Paskal na Biyu ya kawo mafita mai tsauri, wato bishop-bishop su mayar wa sarki ƙasashe da haƙƙoƙin da ya ba su, shi kuma ya bar naɗi. Da aka karanta ta a cocin Bitrus da ke Rum sai wuri ya yamutse, domin bishop-bishop ɗin ba su shirya rabuwa da dukiyar ba. Henri na Biyar ya kama fafaroma ya tilasta masa sa hannu a kan abin da yake so, amma aka soke wannan yarjejeniya a shekara mai zuwa.

Mafitar da ta ɗore ta fito ne daga malaman shari'a irin su Ivo na Chartres, waɗanda suka raba muƙamin gida biyu, ɓangaren addini da ɓangaren dukiya. Ingila ta sasanta a kan haka a 1107. Ranar 23 ga Satumban 1122, a Worms, Henri na Biyar ya bar naɗi da zobe da sanda, ya yarda coci ta yi zaɓenta. Fafaroma Kalistus na Biyu kuma ya yarda a yi zaɓen Jamus a gaban sarki, sarki ya ba da dukiyar muƙamin ta hanyar taɓa zaɓaɓɓen da sandar mulki kafin a yi addu'ar keɓe shi a matsayin bishop. A Italiya da Burgundy ana yin wannan bayan keɓewa, cikin wata shida.

Tasiri a kan ilimi

Kowane ɓangare ya nemi hujja a rubuce, don haka aka yi ta fitar da ƙasidun raddi, aka kuma koma tonon tsofaffin dokokin coci da na daular Rum. Wannan yana cikin abubuwan da suka ɗaga makarantar shari'a ta Bologna, inda Gratian ya tattara dokokin coci wajen 1140. A 1139 babban taron coci da ake kira majalisar Lateran ta biyu ta ce auren limami ɓatacce ne.

Saɓanin masana

Wasu na ganin Kanosa ƙasƙanci ne ga sarauta, wasu na ganin dabara ce da ta ceci Henri, wasu kaɗan kuma na cewa sulhu ne da aka riga aka shirya. A ƙarni na 19 fassarar farko ce ta fi rinjaye a Jamus, shi ya sa lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, yake takun-saƙa da cocin Katolika a 1872 ya faɗa wa majalisa cewa ba za su je Kanosa ba.