Wai in hauhawar farashi ta ragu, kaya za su sauko?

Jama'a barkanmu. Akwai maganar da aka daɗe ana yi duk lokacin da tattalin arziki ya shiga matsi, wai da zarar an ce hauhawar farashi ta ragu to kaya za su sauko a koma yadda ake da. Mai wannan tunani bai yi laifi ba, kalmar "ragu" ɗin ce ke ruɗa mutum.

Abin da ake aunawa gudun tashin farashi ne, ba farashin kansa ba. Misali abu yana 100, bana hauhawa kashi 20 cikin ɗari, ya zama 120, baɗi aka ce ta sauko kashi 10, toh abin nan 132 zai koma fa, bai sauka ba, kamar mota ce ta rage gudu amma gaba take yi. Shi ya sa magidanci zai ji labari mai daɗi amma kuɗin cefane har yanzu ba sa kai ƙarshen wata, musamman in albashi ko ciniki bai ƙaru ba. Saukar farashi gaba ɗaya kam abu ne daban, ba kasafai ake ganinta ba, kuma sau da yawa tare take zuwa da mutuwar kasuwa da rasa aiki.

Kana iya gwadawa da kanka, samu littafi ka riƙa rubuta farashin abubuwa biyar da gidanku ke saya kullum, duk wata, gefe kuma abin da ke shigo maka. Bayan wata shida ka kwatanta.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su karanta.