Mene ne “hunturun karo”, kuma shi ne ya dishe rana a shekarar 536?

“Hunturun karo” shi ne sanyin da ke lulluɓe duniya idan wani ƙaton dutse daga sararin samaniya, ko ɓallin tauraro mai wutsiya, ya faɗo ƙasa ko ya tarwatse a sama. Ƙura da toka da hayaƙi su tashi can ƙololuwar iska, inda ruwan sama ba ya kai wa balle ya wanke su, su tare hasken rana na tsawon watanni ko shekaru. Kamar hazon hunturu ne da ke mayar da rana faifai fari, sai dai wannan ba ya washewa, damina ta zo ta tarar da shi, shuka ta ƙi nuna. Misalin da masana suka fi yarda da shi shi ne dutsen da ya faɗa Chicxulub a ƙasar Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, mai faɗin kusan kilomita 10.

Inda kalmar ke jawo gardama shi ne shekarar 536 miladiyya, kimanin shekara 35 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Procopius, marubucin tarihin daular Rumawa ta Gabas, ya ce shekara guda cur rana na haske ba ƙarfi, tamkar wata. Cassiodorus, wani babban jami'in gwamnati a Italiya, ya yi mamakin yadda mutum ba ya ganin inuwarsa da tsakar rana. Wani tarihin Siriya ya ce duhun ya yi wata 18, 'ya'yan itace suka ƙi nuna. A Ailan an rubuta cewa gurasa ta yanke, a Sin kuma ƙanƙara ta sauka a lokacin zafi, yunwa ta biyo baya. Ana cikin wannan, a 541 annobar da ake kira ta Justinian ta ɓulla a Pelusium ta ƙasar Masar.

Itatuwa ma sun ba da shaida. Kowace shekara bishiya na ƙara zobe ɗaya a gangar jikinta, shekarar wahala zoben ya tsuke. Mike Baillie na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya ga zoben itatuwan Ailan sun tsuke ƙwarai a 536 da wajen 540. Abin da aka fara zargi shi ne aman wutar dutse, amma a lokacin ba a ga alamar farar wutar da aman dutse ke bari ba daidai waɗannan shekaru a ƙanƙarar Girinlan, wadda ita ma ke taruwa hawa-hawa kowace shekara kamar zoben bishiya. To in ba daga ƙasa ba ne, sai daga sama: a 1999 Baillie ya fito da ra'ayin tauraro mai wutsiya. A 2004 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka lissafa cewa ɓalli mai faɗin kusan rabin kilomita, in ya fashe can sama, ya isa ya yi wannan ɓarna ba tare da ya bar rami ba. Ba tatsuniya ba ce kuwa, don a 1908 wani abu ya fashe a saman Tunguska ta Saberiya, ya kwantar da daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,000. Daga baya Dallas Abbott ta Jami'ar Columbia ta ce ta samu ƙura mai kama da ta samaniya a ƙanƙarar Girinlan, ta danganta ta da tauraro mai wutsiya na Halley da ya bayyana a 530, har ta nuna wasu wurare a ƙarƙashin tekun Carpentaria na arewacin Ostireliya da take ganin ramukan faɗowa ne. Akasarin masana ba su gamsu da ramukan ba.

Ashe lissafin shekarun ƙanƙarar ne ya goce da kusan shekara 7. Da masanin ƙanƙara Michael Sigl da abokan aikinsa suka daidaita shi a 2015, sai ga farar wuta ta faɗa daidai inda itatuwa suka nuna: babban aman wuta a arewacin duniya a 536, wani kuma a yankin zafi wajen 540. A 2018 ƙanƙarar Colle Gnifetti a tsaunukan Alps ta fito da ɓurɓushin tokar dutse da masu binciken suka danganta da Aisilan, ko da yake wasu na nuna Arewacin Amurka. Baillie kansa ya koma ya yarda da aman wuta, abin da ba kowane malami ke iya yi ba bayan ya shafe shekaru yana kare ra'ayinsa.

A ganina, mai kiran abin da ya faru a 536 “hunturun karo” a yau ya yi gaban hujja. Labarin tauraro ya fi daɗin ji, shi ya sa bidiyoyin intanet ba sa gajiya da shi. Amma ƙurar samaniya kullum tana sauka duniya kaɗan-kaɗan, samun ta a ƙanƙara ba ya nufin an yi karo. Aman wuta kuwa an ga aikinsa da ido: aman dutsen Tambora na Indunusiya a 1815 ya hana Turai da Arewacin Amurka lokacin zafi a 1816, na dutsen Pinatubo na Filifin a 1991 ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri.