Giya ta ƙi canjawa, allurar gudu ta kwanta: tambayoyin da masu mota ke yi mini a Magazine

Aikina wayarin ɗin mota ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da ke nan Kumasi. Ba abin da ke ɓata mini rai kamar in ga mutum ya shigo da fuska a murtuke, an riga an ce masa giyabos ɗinsa ya mutu, ya fara neman bashin sayen wani, alhali matsalar na jikin wani ɗan abu da bai wuce tsawon yatsa ba, wato sensar gudu, ko ma a wayar da ta shiga cikinsa. Ga tambayoyin da 'yan'uwa daga Aboabo, Asawase da sauran zango suka fi yi mini, da yadda nake amsa su.

Malam, wai mene ne wannan sensa ta gudu, kuma ina ruwanta da giya?

Motar otomatik ba ta da hannun direba da zai ji injin ya isa a ƙara giya. Kwamfutar mota ce ke yanke wannan hukunci, wadda mu a Magazine muke kira kontrol bod. Ita kuwa makauniya ce, sai abin da sensoshi suka faɗa mata. Yawancin giyabos na da sensar gudu guda biyu. Ɗaya tana ƙirga juyin sandar da ke shigo da ƙarfi daga wajen injin, ɗayar tana ƙirga juyin sandar da ke fitar da ƙarfin zuwa tayoyi. Kowacce tana zaune kusa da wani ƙarfe mai haƙora, duk haƙorin da ya gifta sai ta aika sigina ɗaya. Da waɗannan lissafai biyu, haɗe da yadda ka taka totur, kwamfuta ke sanin lokacin barin giya ta ɗaya zuwa ta biyu, da kuma ko giyar da ta sa ta kama da gaske.

Da waɗanne alamu zan gane ta fara lalacewa?

Allurar gudu ta riƙa tsalle, ko ta faɗi sifiri kana tsakiyar tafiya. Lissafin kilomita ya tsaya. Giya ta shiga da duka kamar an bugi motar ta baya, ko ta yi jinkiri injin na ta ihu. Fitilar cek injin ta kama. Mafi tayar da hankali shi ne motar ta maƙale a giya ɗaya, galibi ta biyu ko ta uku: daga tsaye tana tashi da nauyi, a kan hanyar Ejisu kuma ta ƙi sakin jiki. Wannan maƙalewa da gangan kwamfuta ke yin ta. Ta daina samun labarin da za ta yarda da shi, sai ta riƙe giya guda don ka lallaɓa zuwa gareji ba tare da ta ƙona kayan ciki ba. A daidai nan ake cutar mutane, domin motar da ta shiga wannan hali kamanninta ɗaya da wadda giyabos ɗinta ya ƙare.

Allurata na aiki lafiya lau. Ke nan ba sensa ba ce?

A'a, Alhaji, kada ka yi saurin wanke ta. A motoci da yawa na baya-bayan nan, allurar dashbod daga sensoshin ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki) da ke jikin tayoyi take samun labari, ba daga giyabos ba. Don haka ta cikin giya na iya mutuwa allura tana tafiya daidai. Haka kuma akasinsa: allura ta haukace tare da fitilar ABS, giya kuwa ba abin da ya same ta.

An sa mashin, lamba ta fito. In je in sayo sabuwa kawai?

Nan ne zan daɗe, domin nan kuɗin mutane ke zubewa.

Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona mashin ɗin da ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota, kuma motocinmu da yawa daga can suka zo. Lambobin da suka shafi maganarmu sanannu ne. P0500 tana nufin matsala a siginar gudun mota. P0715 ta sandar shiga ce, P0720 ta sandar fita, P0722 kuma na nufin ba sigina sam daga ta fita. Idan ka ga P0700, wannan sallama ce kawai: kwamfutar giya na cewa tana da ƙorafi, sai an shiga ɓangarenta da mashin mai iya karanta shi kafin a ji ainihin maganar. Ƙananan mashinan da ake haɗawa da wayar hannu sau da yawa a bakin ƙofar nan suke tsayawa.

To amma lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da ta ce shi ne labari bai iso ba, ko ya iso a gurɓace. Tsakanin sensa da kwamfuta akwai soket, akwai waya mai tsawo da ta bi kusa da salansa mai zafi, akwai fiyus, akwai wayar as, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Kowanne na iya kawo lamba iri ɗaya. Ruwan damina na Kumasi da ramukan da muke faɗawa suna shigar da laka cikin soket. Yaran wurin wankin mota suna saita tiyo mai ƙarfi kai tsaye a kan injin. Ɓera na cin waya idan mota ta daɗe a ajiye. Motar da aka shigo da ita bayan hatsari aka gyara gabanta kuwa, sau tari za ka tarar an murɗa wayoyi an naɗe da salatif kawai.

Akwai wani bawan Allah mai tasi da ya zo mini bayan ya canja sensa har sau biyu a wani wuri. Da na kama wayar na girgiza ta injin yana aiki, sai lambar gudu a kan mashin ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Jan ƙarfen ya karye a cikin robarsa, daga waje ba ka ganin komai. Sensoshinsa biyu da aka cire lafiyarsu ƙalau. Har yau idan na tuna kwanakin da ya yi bai fita aiki ba, abin na damuna.

To yaya ake gwada ta da gaske?

Da ido ake farawa. A zare soket a duba ko haƙoransa sun yi kore, ko sun lanƙwashe, ko man giya ya tsattsafo ciki. A bi waya da hannu daga farko har ƙarshe.

Sai mita. Irin sensar ne ke nuna yadda za a auna. Tsohuwar iri mai waya biyu maganaɗisu ne da zaren jan ƙarfe a naɗe, ita ke haifar da wutarta da kanta. Ana auna ohm ɗinta, wato yadda zaren ke tare wuta, a gwada da adadin da littafin motar ya bayar, domin kowace mota da nata. Idan mita ta nuna layi a yanke, ko ta nuna kusan sifiri, ta tafi. Bayan haka a juya mita zuwa AC a juya taya: wuta za ta bayyana, tana ƙaruwa yadda juyin ke ƙaruwa. Mai waya uku, wadda ake kira Hall, sai an ba ta wuta take aiki. A kunna makulli, a tabbatar bolt 5 ko 12 na zuwa gwargwadon motar, a tabbatar as na da kyau, sannan a duba wayar sigina: idan ana juya taya a hankali za ta riƙa hawa da sauka. Ba a auna ohm a irin wannan, ba abin da zai gaya maka. Kuma a kula, wasu sabbin sensoshi waya biyu gare su amma su ma wuta ake ba su, don haka ƙirga waya kaɗai bai isa ba.

Abu ɗaya da yaran gareji ke yawan mantawa: idan ka ɗaga tayoyin gaba duka biyu ka juya ɗaya da hannu, ɗayar za ta juya baya, sandar giyar kuma ba lallai ta motsa ba, sai ka yanke wa lafiyayyar sensa hukunci. A bar taya ɗaya a ƙasa, giya a N, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi, motar kuma a kan sitan take, ba a kan jak kaɗai ba.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kan hanya. Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da mashin yana kallon juyin injin, na sandar shiga da na sandar fita. Idan mota na tafiya sumul amma lissafin fita ya faɗi sifiri ko ya yi tsalle, ƙarya ake yi wa kwamfuta, sai a koma kan sensa da wayarta.

Idan kuma giyabos ɗin ne da kansa fa?

Yana faruwa, ba zan ɓoye maka ba. Alamarsa a wannan gwaji ita ce lissafai duka suna tafiya tsaf, na fita ya yi daidai da gudun motar, amma injin da sandar shiga suna tashi motar ba ta ja. Kulocin ciki ne ke sulɓewa. A nan akan ga P0730 ko 'yan'uwanta P0731 zuwa P0734. Zaro ma'aunin man giya idan motarka na da shi: mai ya yi baƙi, yana ƙauri, ba labari mai daɗi ba ne. Bakin sensar ma shaida ne. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikin maganaɗisu ba abin tsoro ba ne, a goge a mayar, wani lokaci ma shi ke nan maganin. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji a yatsa kuwa yana nufin wani abu na cinyewa a ciki, sabuwar sensa ba za ta tsayar da shi ba.

Zan iya ci gaba da hawa haka?

Zuwa gareji, e. Zuwa Techiman ko Tamale da lodi, a'a. Mota a maƙale a giya ɗaya tana dafa man giyarta.

Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Araha ba ta ado. Na sha ganin sabuwa fil a kwali marar suna da ta ƙi aiki tun ranar farko, ko ta yi aiki da sanyi ta ɗauke idan giya ta ɗau zafi. Ta asali da aka ciro daga wani giyabos, aka gwada a gabanka, ta fi mini irin wannan. Ka tafi da tsohuwar a hannu, a haɗa lambar jikinta, domin ta shiga da ta fita kan yi kama sosai amma tsawonsu ko soket ɗinsu ya bambanta. Ka kuma sani ba kowace mota ce ake kwance ta da noti ɗaya daga waje ba. A giyar Mercedes 722.6, misali, sensoshin na jikin wani faranti ne a ciki, sai an zubar da mai an sauke kaskon ƙasa.

Wajen ɗaurawa, a shafa ɗan man giya a robar zoben, a tura ta zauna daram kafin a ɗaure noti, kada a matse har robar jikinta ta tsage. A goge lambobi da mashin, a duba ma'aunin mai, sannan a fita da motar har ta yi zafi ta bi giyoyinta duka. Ni nakan buɗe GPS na waya in gwada da allura a kan hanyar, in dawo in sake sa mashin kafin in miƙa makulli.