When the Levee Breaks (waƙar Led Zeppelin)

When the Levee Breaks ita ce waƙar da ta rufe kundi na huɗu na ƙungiyar rok ta Ingila, Led Zeppelin, wanda ya fito ranar 8 ga Nuwamba, 1971. Tsawonta ya ɗan haura minti 7.

Asali da ma'ana

Tushenta waƙar bulus (salon kiɗan baƙar fatan Amurka) ce da Kansas Joe McCoy da Memphis Minnie suka naɗa a 1929, shi ya sa sunan Minnie yake cikin marubutan. Maganar ambaliyar kogin Misisipi na Amurka ta 1927 ce, wadda ta raba mutane fiye da 600,000 da muhallinsu. Sunan waƙar yana nufin ranar da katangar ƙasa mai tare kogi ta ɓalle, kamar yadda ya faru a Mounds Landing, kusa da Greenville, a ranar 21 ga Afrilun shekarar. An tsare baƙar fata da dama a sansanoni kan katangar, ana tilasta musu jibga buhunan yashi. Mai waƙar yana zaune bakin ruwa cikin fargaba, ba shi da wurin zuwa. Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin, ya riƙe yawancin baitocin, ya ƙara ambaton tafiya Chicago, birnin da dubban baƙar fatan kudu suka yi wa ƙaura.

Naɗi

An naɗe ta wajen farkon 1971 a Headley Grange, wani tsohon gida a Hampshire, da motar naɗi ta ƙungiyar Rolling Stones. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne amon gangunan John Bonham. An ajiye su a zauren shiga, ƙasan matakala mai dogon rufi. Injiniya Andy Johns ya rataye makirfo biyu samfurin Beyerdynamic M160 can sama, bai kafa ko ɗaya a jikin ganga ba. Makirfon da ke manne da fata bugu kawai yake kamawa, ɗakin ya ɓace. Na nesa yana haɗa bugun da amsawar bango. Sai aka matse sautin sosai, aka bi da shi ta na'urar amsa-kuwwa ta Binson Echorec, wadda ke maimaita kowane bugu a bayansa. An kuma rage gudun tef ɗin kayan kiɗan, amon ya yi nauyi, aka juya amsa-kuwwar hamonikar Plant ta riƙa zuwa kafin busar kanta.

Jimmy Page, mai gitar Led Zeppelin, da Johns sun sha bamban kan wanda ya kawo dabarar matakalar.

An tace kundin, wato an haɗa sautukansa an daidaita su, a ɗakin naɗi na Sunset Sound da ke Los Angeles, amma da aka saurara a Landan sautin bai gamsar ba, aka sake aikin. Wannan waƙa kaɗai ta tsira da tacewar farko.

Bayan fitowa

Da yake amonta aikin ɗakin naɗi ne, ƙungiyar ta yi ta a dandali sau kaɗan kawai, a farkon 1975. Mawaƙan rap na Beastie Boys sun ari bugun gangar a 1986.